A Bar Makaɗi da Babur Ɗinsa, A Tambayi Wanda Ya Saya Masa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Magarya ko ta Dungas da kaka, bayan an ɗaure dammunan gero an shiga hidimar aure da kokawa, ba zai rasa gamuwa da su ba: mutum biyu ko uku bisa babur guda, kalangu rataye a kafaɗa, ganga ɗaure a baya, suna kutsa rairayi tsakanin Bande da Waca, ko tsakanin Dogo-Dogo da Malawa. Makaɗan wannan yanki sun ƙaunaci babur, wanda aka fi kira moto a nan Nijar. Suna yi masa ado, suna laƙaba masa suna, in sun haɗu a bakin kasuwa hirarsa suke yi kafin hirar kiɗa. Wannan ƙauna ta tsone wa wasu masu kishin al'ada ido. A wurinsu, makaɗin da ya hau babur ya zubar da girman sana'ar gado, ya zama ɗan kabu-kabu mai ganga. Zargin ya yawaita a tarurrukan raya al'adu, kuma ya kamata a amsa shi, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Da farko, yaushe makaɗin Hausa ya taɓa rabuwa da son abin hawa? Ibrahim Narambaɗa, wanda ba mai musun gwanintarsa, ya keɓe waƙa sukutum ga doki, wato Dokin Iska Ɗanfilinge. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya waiwayi karen mota a lokacin da ba wanda ke kallonsa da daraja. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya wasa direbobi, ya kuma karaɗe ƙasashe da mota. Ba a ce ko ɗayansu ya ci amanar gado ba. Sana'ar kiɗa sana'ar tafiya ce tun asali, kuma matafiyi ba ya raina abin da ke ɗauke masa gajiya. Wanda ya yarda da doki, ya yarda da mota, sannan ya ƙi babur, ya nuna cewa abin hawan talaka kawai yake ƙyama.

Na biyu, a dubi ƙasar kanta. Magarya da Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ƙasa ce mai cunkoson ƙauyuka, ga ƙarancin kwalta, ga iyakar Najeriya a jikinta. Motar haya tana bin ranar kasuwa ne. Biki kuwa ba ya jiran ranar kasuwa. A da, makaɗin ƙauye yakan kwana a hanya domin buki guda. Da babur, yana kaɗa wa manoma da hantsi, ya halarci kamun amarya da la'asar, ranar Alhamis kuma ya leƙa kasuwar Maigatari inda fatake ke da naira a aljihu. Baburan Sin da na Indiya masu araha da suka cika kasuwanni tun daga shekarun 2000, da man ƴan ruwa-ruwa da ake sayarwa a kwalabe, su ne suka faɗaɗa wa kalangu da gurmi fili a daidai lokacin da kaset, sannan wayar salula, ke neman raba su da masu sauraro. Da ba don wannan ƙarfe ba, da bukukuwa da yawa sun koma hannun mai na'urar sauti. Shi ya sa janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023, da rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yuli na shekarar, suka taɓa abincin makaɗi kamar yadda suka taɓa na ɗan kasuwa.

To, ina aibin yake? Yana wurin da masu zargi ba su son dubawa: hannun da ya miƙa makullin. Kyautar abin hawa ga makaɗi tsohuwar al'ada ce, amma makaɗin fada yana da matsayi sananne, yana da gona da gida, kuma yana da damar yi wa ubangidansa hannunka-mai-sanda cikin habaici. Tun daga zaɓen 1993, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, wani sabon ubangida ya bayyana: ɗan takara, wanda ke buƙatar makaɗi na ƴan makonni kawai. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kai wannan ciniki har ƙauyuka. Ana ba da babur, a karɓi harshe. Wanda aka saya wa babur ba zai yi waƙar rijiyar da ba a haƙa ba, ko ajin zana da damina ta kora yara daga cikinsa. An rushe jam'iyyun siyasa a 2025, amma ba a rushe ɗabi'ar ba. Attajiri da mai muƙami sun san farashin yabo. Bakin da ya ci, shi ke godiya.

Me ya sa makaɗi ke karɓa? Domin waƙarsa ba ta ciyar da shi. Ana kwafarta a katin waya a rumfunan caji, ana sa ta a gidajen rediyo, ba ya ganin ko dala. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, tun 1995. Akwai gasar Ɗan Gurmu. Akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Amma tsakanin Yamai da Guci tafiya ce mai nisa, kuma makaɗin da bai yi lakkol ba bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Su kansu masu shirya bukukuwan al'ada sukan ware kuɗin kujeru da na lemo, su bar makaɗi da abin da jama'a suka liƙa masa. Wanda ya gayyaci mutum ya sallame shi da na gode, ba shi da bakin tambayar inda ya samo babur.

Akwai gaskiya guda a bakin masu zargi, kuma ba a ɓoye ta: ganganci. Goyon uku, gudu cikin dare bayan an tashi wasa, ba hular kwano, ba fitila mai kyau. Makaɗin da ya karye a hannu ya rasa sana'a, wanda ya mutu kuwa yakan tafi da kirari da tarihin zuri'o'in da ba a rubuta ba. Maganin wannan horo ne da bin dokar hanya, ba tsangwama ba.

Aikin yana gaban malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Su ne masu alƙalami a ƙauyuka: su rubuta sunayen makaɗan kowace karamar hukuma, su taimaka musu yin rajistar waƙoƙinsu, su kafa musu asusun adashi da zai saya wa mutum babur da guminsa, su kuma sa ladan makaɗi cikin kasafin kowane buki kafin a sa kuɗin rumfa. Makaɗin da ya sayi babur ɗinsa yana zuwa inda ya ga dama, ya faɗi abin da ya gani. Wanda aka saya wa kuwa, ko ya riƙe kan babur da hannu biyu, wani ne ke tuƙa shi.