Cediya ta fi bishiyar Madrid dacewa da kaskon Bakano

Duk wanda ya san gidajen Gyadi-Gyadi da Tarauni ya san yadda tsakar gida ta koma. Inda a da ake barin filin da darbejiya ko mangwaro za su yi inuwa, yanzu an ƙara ɗaki biyu na haya, abin da ya saura kuma an daɓe shi da siminti. Mai haya ba ya dasa bishiya a gidan da zai iya bari baɗi. Shi ya sa ban ga abin dariya ba a sha'awar da wasu ke nunawa ga bonsai, fasahar nan ta rainon bishiya a cikin kasko, a riƙa datse mata saiwa da rassa har ta tsufa da siffar babbar bishiya alhali tsayinta bai wuce kamu biyu ko uku ba. Asalinta daga Sin ne, mutanen Japan suka karɓa suka goge ta, kalmar ma a harshensu tana nufin shuka a kasko. Bishiya ce da mai haya zai ɗora a Adaidaita Sahu ranar tashi. Inda nake da ja shi ne wajen zaɓen iri, domin hotunan da ke yawo a waya suna jan mutane zuwa ga itatuwan da ba a halicce su don ƙasarmu ba.

Misali mafi kyau shi ne wadda Turawa ke kira bishiyar sitiroberi. Ba ta da dangantaka da sitiroberin da ake nomawa a Filato, kamannin 'ya'yan ne kawai ya jawo mata sunan. Itaciya ce ta ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, irin su Sifaniya da Fotugal da Italiya, ita ce ma a tambarin birnin Madrid. Wanda ya gan ta a hoto dole ta burge shi. Ganyenta kore ne shar duk shekara, ɓawonta ja-ja ne, kuma 'ya'yanta kan ɗauki kusan shekara guda kafin su nuna, saboda haka a lokaci ɗaya ake ganin fararen furannin bana a rataye kusa da jajayen 'ya'yan bara. Wannan haɗuwar ita ce dukkan abin da ake so a wurinta, kuma ita ce Kano ba za ta bayar cikin sauƙi ba.

Dalili shi ne kalandar jikinta ta saɓa da tamu. A ƙasarta ruwan sama a lokacin sanyi yake zuwa, lokacin zafi kuma ƙasa a bushe take. Mu kuwa sanyinmu na hunturu ne, busasshe mai ƙura, ruwanmu kuma daga Yuni zuwa Satumba yake sauka a kan ƙasa mai ɗumi. Saiwar wannan bishiya ba ta son zama cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ɗumi, ruɓewa take yi, kuma watan Agusta a Kano ba wani abu ba ne illa wannan. Kafin a kai can ma sai ta tsallake Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. A ɗauki kasko mai zurfin yatsa huɗu a ajiye a kan siminti da azahar a wannan wata, a taɓa gefensa bayan la'asar, hannu ma ba ya jurewa balle saiwa. Ga shi kuma masu lambu sun san ta da ƙin a taɓa mata saiwa, alhali bonsai ba ya yiwuwa sai da ciro bishiya daga kasko lokaci-lokaci a rage saiwar. Wanda zai shigo da ita a raye kuma sai ya nemi izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai. Wahalar ta fi romon yawa.

Za a ce ai darbejiya ma baƙuwa ce, asalinta daga Indiya ne, aka kawo ta zamanin Turawa, ga ta nan ta cika titin Zariya. Gaskiya ne, amma ta fito daga yankin da ke da doguwar rani da gajeriyar damina, wato ta bar gida ta zo gida. Ba baƙunta nake ƙi ba, rashin dacewa nake nunawa. Za a kuma ce mai hali zai ajiye ta a falo mai na'urar sanyaya ɗaki. To bishiyar waje ce mai son rana, falo ba zai ishe ta ba, kuma rayuwar da ta dogara da wutar lantarkinmu kowa ya san tsawonta.

Abin da masu kwaikwayon hoto ba su lura da shi ba shi ne, su mutanen Japan da itatuwan duwatsunsu suka gina fasahar. Tsohuwar bishiyar nan da ake raino tun 1625, wadda ta tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945 aka kuma ba Amurka kyautarta a 1976, irin ƙasarsu ce, shi ya sa ta kai wannan shekaru a kasko. Masu bonsai na Afirka ta Kudu sun fahimci haka, suka koma ga kuka da dangin bagaruwa, har suka fito da salon bishiya mai shimfiɗaɗɗen kai da suka sa wa sunan mai zane Pierneef. Abin da ya fi ciwo shi ne kariya, mai kumburarren gindi da jan fure, wadda ke tsirowa a dajinmu na Sahel. A Tailan an mai da ta sana'a, ana aurar da launukanta ana sayarwa duniya, mu da muke da ita muna wuce ta a hanya. Birnin da ke da Kurnar Asabe da Tsamiyar Boka da Durumin Iya da Kasuwar Rimi bai kamata ya rasa itacen da zai sa a kasko ba.

Da za a tambaye ni, da cediya za a fara. Reshenta ake yanka a kafa a ƙasa ya kama, tana jure datsa, ganyenta na ƙanƙancewa idan ana yawan yi mata aski, kuma tana sako saiwoyi daga rassa waɗanda ke ba ƙaramar bishiya kamar dattijantaka. Sau da yawa ma ba sai an saya ba, tsuntsu ya riga ya shuka danginta a tsagar katanga ko bakin kwata, inda ta yi shekaru a takure, gindinta ya yi kauri ya murɗe. Tsamiya kuwa ganyenta ƙanana ne tun asali, suna rufewa da dare. Kuka ta fi neman haƙuri: a jiƙa ƙwallonta a ruwan zafi kafin shuka, kuma idan ta zubar da ganye da rani a janye mata ruwa, don yawan ban ruwa a lokacin hutunta ne ke kashe ta. Ƙasar kaskon ba sai an yi odar ta Japan ba. Yashi mai kaushi da gutsattsarin jan bulo da ɗan gawayi da ruɓaɓɓen taki sun isa, muddin akwai huda a gindin kaskon, kuma maginan tukwanenmu za su iya yin sa. Rage saiwa a bari sai farkon damina.

Akwai ja guda biyu da na ɗauka da muhimmanci. Na farko, wasu ba za su yarda kuka ko tsamiya ta kwana a gidansu ba saboda abin da aka taso ana ji game da iskoki. Ba zan yi musu da hankalin da bai kwanta ba, ga cediya ga magarya, ba wanda ya ce dole sai kuka. Na biyu ya fi nauyi: idan abin ya zama kasuwa, za a shiga daji ana tono tsofaffin itatuwa, kamar yadda aka yi a Japan har wasu ire-iren suka yi ƙaranci a duwatsunsu. Dajinmu da masu gawayi suka riga suka yi wa illa ba zai ɗauki wannan ba. Maganinsa yana hannun masu sayar da shuke-shuke na gefen titi, waɗanda sana'arsu ke nan tayar da dashe daga iri da reshe a cikin leda. In suka ware layi ɗaya na cediya da tsamiya da kariya suka yi musu rainon shekara uku, mai saye daga Tarauni zai samu bishiyar da ta riga ta ga Afrilun Kano sau uku.