Labaran Mafarki Da Fatalwa Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai masu cewa labaran da ake cuɗa mafarki da mutuwa da ido biyu ƙarya ce zalla, ba su da amfani sai tsorata yara. Ni kam ban yarda da wannan ba.

Da farko, irin waɗannan labarai ba baƙi ba ne gare mu. Tun muna ƙanana a Gurbin Bore kakanninmu ke yi mana tatsuniyar Dodo da ta fatalwa da dare. Littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, ya kai Alhaji Imam har wurin aljannu neman magani. Su ma Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa ne.

Na biyu, suna koya mana dangana. A 1952 wani Bayarabe, Amos Tutuola, ya fitar da littafinsa The Palm-Wine Drinkard. Labarin wani mashayin bammi ne wanda mai ɗebo masa bammi ya faɗo daga bishiya ya mutu, sai ya tafi garin matattu nemansa. Bayan wahala mai yawa ya same shi, amma bai iya komowa da shi ba, domin matacce ba ya zama da masu rai.

Wannan labari ya taɓa ni ƙwarai. Bara 'yan bindiga suka kashe kawuna yana komowa daga kasuwar Ƙaura Namoda. Sau da yawa a ɗakin kwananmu nakan yi mafarki ya shigo da ƙura a rigarsa yana roƙon ruwa. In na farka sai in rasa wanne ne gaskiya, amma kunya ta hana ni gaya wa kowa. Da na karanta littafin nan na ba abokaina labarinsa, sai biyu daga cikinsu suka ce su ma haka suke fama.

Gaskiya ne bai kamata a ba ƙananan yara abin da zai hana su barci ba. Amma mu da muka ga jana'iza da idanunmu, littafi ba zai nuna mana abin da ya fi wanda muka gani ba.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu kada su hana mu karanta su. Maimakon haka, su tambaye mu abin da muka fahimta. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kawo zaman lafiya ƙasarmu, amin.