Shekarun Ɗaukewar Al'ada da Alhakin da Muke Ɗauka a Gidajenmu

Duk ƙaramin asibitin da ka shiga tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, bangonsa zai gaya maka macen da aka tanadar wa wuri. Ga hoton mai ciki, ga na mai goyo, ga jadawalin ranar awo da ranar rigakafin yara. Ba na ƙorafi da wannan, domin haihuwa na cin rayukan mata a ƙasar nan, kuma duk abin da aka kashe a kanta bai yi yawa ba. Wadda ke damuna ita ce macen da ta yaye autanta. Ta kai shekara 46 ko 48, al'adarta ta fara wasa, barci ya ƙaurace mata, zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska. Babu ranarta a asibiti, babu darasinta a Islamiyya, a gida kuwa an riga an yanke mata hukunci: "Hajiya ta canza hali."

Abin da ke faruwa a jikinta sananne ne ga likitoci. Ƙwayayen haihuwar da mace ke zuwa duniya da su suna ƙarewa a hankali, sinadarin isturojin da ke tafiyar da al'ada kuma sai ya riƙa hawa da sauka kafin ya yi ƙasa gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi yawan mata jinin na ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ya ɗauke sai an yi wata 12 a jere ba a gan shi ba. Amma wahalar kan fara tun shekaru kafin nan, lokacin da jinin zai zo wannan wata, ya tsallake biyu, ya dawo da yawa har mace ta tsorata. Da yake sinadarin yana da hannu a yadda ƙwaƙwalwa ke daidaita zafin jiki, da ƙwarin ƙashi, da damshin gaba, da mafitsara, raguwarsa kan zo da gumin dare, da faɗuwar gaba, da ciwon gaɓoɓi, da mantuwa, da saurin fushi ko kuka ba tare da wani dalili ba. Wasu matan sukan wuce shekarun nan cikin sauƙi, wasu kuwa su sha wuya. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2015, ya gano cewa ga matan da zafin ke yawan taso wa, yakan ɗauki sama da shekara 7, kuma baƙaƙen fata ne suka fi daɗewa da shi, kimanin shekara 10.

Yanzu a ɗora wannan a kan bazarar Kebbi, a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, sunan jihar ya ƙara tafiya da shinkafa, ana ta maganar fadama da injinan casa. Ba a cika maganar matan da ke turara shinkafar a cikin gidaje ba, alhali da yawansu matan wannan shekaru ne, masu ciyar da marayu da jikoki da abin da suka samu. Mace na tsaye a bakin murhu tun safe, wuta a gabanta, wata wutar na tashi a cikin jikinta. 'Yarta ta ga ta jiƙe sharkaf ta ce, "Mi ka damun ki, Inna?" Ta amsa, "Ba komi, ɗiyata, zahin gari na." Ita kanta ba ta sani ba, don ba wanda ya taɓa gaya mata.

Rashin sani kuwa yana da masu cin ribarsa. In ta je kemis ta ce jikinta na zafi da dare, maganin maleriya da taifot za a ƙirga mata, ta sha, bayan mako uku ta dawo a sake. In ta ce gabanta na mata zafi ko ƙaiƙayi, sai a ce sanyi ne, a haɗa ta da ƙwayoyin kashe cuta kala-kala ba tare da gwaji ba. In faɗuwar gaba da rashin barci suka yi yawa, sai a fara zancen iska, daga nan a koma kan kishiya, a ce jifa aka yi. Gida ya rikice, 'ya'yan ɗakuna biyu su daina gaisawa, a kan abin da kowace mace mai tsawon rai za ta gamu da shi, har ita kishiyar da ake zargi. Akwai kuma wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ko take neman ɗa namiji, jinin ya tsaya, a ce mata ciki ne ya kwanta. Ta yi shekara tana sayen maganin tayar da shi, gwajin fitsari na minti biyar kuwa ya isa ya raba gardama. Addu'a da ruƙiyya suna da matsayinsu a wurin mumini, ba na musun haka. Laifi ne dai babba a karɓi kuɗin mace ana rantse mata cewa an san wanda ya yi mata asiri.

Mu maza, a nan ne rabonmu na alhakin ya fi nauyi, kuma zan faɗe shi ko da kunya za ta so a tsallake. Raguwar isturojin na sa fatar gaba ta yi siriri ta bushe, saduwa ta koma azaba, wani lokaci har da tsagewa. Matar da ta yi shekara 30 ba ta taɓa juya wa mijinta baya ba, sai ta fara neman uzuri. Shi kuma bai tambaya ba, ya ɗauka raini ne. Daga nan sai gori, sai ƙaurace wa ɗakinta, sai a ji ana neman aure da sunan "ta tsufa". Ƙarin aure halal ne, ba shi nake tuhuma ba. Ina tuhumar mutumin da ya ci ƙuruciyar mace, ta haifa masa takwas ko goma, sannan a daidai lokacin da take buƙatar a tambaye ta lafiya, ya mayar da larurarta hujjar wulaƙanta ta. Adalcin kwana da kyakkyawar mu'amala ba su faɗuwa don jini ya ɗauke. Kuma tsoron wannan wulaƙanci ne ke tura mata hannun masu kayan mata, su sayi matsi su cusa abin da ba su san haɗinsa ba. Fatar da ta riga ta yi rauni, in aka ƙara mata alif ko wani gari mai ƙuna, rauni kawai za ta ƙara. Abin da ke taimakawa mai sauƙi ne: man santsi na ruwa da ake sayarwa a kantin magani, ko man isturojin na shafawa a gaba wanda likita ke rubutawa, da kuma miji mai haƙuri da sauraro.

Addininmu bai ɓoye wannan magana ba. Suratuɗ Ɗalaƙ ta yanke iddar matar da ta ɗebe tsammanin haila da wata uku, Suratun Nur kuma ta yi wa dattijan mata sauƙi a sha'anin sutura. Malaman Malikiyya da muke karanta littattafansu a zaurukan Gwandu da Argungu sun ƙayyade iyakar haila da kwana 15, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, mace ta yi wanka ta yi sallarta. Suka kuma ce jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 zuwa 70 a tambayi mata masana a kansa. Wannan hukunci na burge ni, don ya nuna malaman sun san iyakar iliminsu, suka miƙa tambayar ga waɗanda suka san jikin mace. A yau cikin waɗannan masana akwai ungozomar asibiti da likitar mata. Saboda haka idan dattijuwa ta aiko wa malam tambaya, "Allah gafarta malam, na shekara biyu ban ga jini ba, yanzu ya dawo, in yi salla ko in bari?", amsar ba ta cika ba sai ya ƙara da cewa ta je asibiti cikin makon nan.

Domin jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ne, ba a zama da shi. Sau da yawa dalilinsa mai sauƙi ne, kamar wannan bushewar da na ambata. Amma yana iya zama kuma alamar farko ta dajin mahaifa ko na bakin mahaifa, kuma dajin bakin mahaifa shi ne na biyu a yawa cikin cututtukan daji na matan Najeriya, bayan na nono. Mutanen Kebbi ba baƙin wannan zance ba ne. Dokta Zainab Shinkafi Bagudu ta yi shekaru tana yekuwar gwajin daji a jihar nan ta hannun gidauniyarta ta Medicaid, kuma tun Oktoba 2023 Najeriya ta sa rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo dajin bakin mahaifa, cikin allurar 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Rigakafin na jikoki ne. Kakarsu gwaji take buƙata, kuma kuɗin mota daga Argungu zuwa Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi bai kai kuɗin ankon biki ɗaya ba. Haka nan wadda jininta ke zuba da guda-guda har ta riƙa ganin jiri, a duba ko ƙari ne a mahaifa, a auna yawan jininta. Wadda gumin dare ya haɗu mata da tari na sama da mako biyu da rama, a gwada ta tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wadda al'adarta ta tsaya kafin shekara 40, tata daban ce, ta ga likita. Kuma kada a manta, muddin jinin na leƙowa, ciki na iya shiga.

Maganin zafin da gumin yana nan. Mafi ƙarfinsa shi ne mayar wa jiki sinadarin da ya ragu, ta ƙwaya ko ta abin mannawa a fata. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya tsorata duniya da shi, mata da yawa suka daina sha. Da aka sake nazari daga baya, likitoci sun fi karkata ga cewa ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar jini ba, amfaninsa yakan rinjayi haɗarinsa. Sai dai ba na kowa ba ne. Wadda ta taɓa dajin nono ko daskarewar jini a jijiya ba a ba ta haka nan, kuma mai mahaifa dole a haɗa mata da sinadari na biyu mai kare mahaifar. Aikin likita ne, kada yaron kemis ya taɓa shi. Ga wadda ba za ta sha ba, akwai wasu magungunan da ba na sinadari ba.

Sauran kuwa a hannun gida yake. Atamfar auduga maimakon yadin roba, shimfiɗa a inda iska ke ratsawa, randar ruwan sanyi kusa da gado, rage yaji da goro da shayi mai zafi da dare ga wadda ta lura suna tayar mata da zafin. Ƙashi na saurin yin rauni a shekarun nan, abin da zai ƙarfafa shi kuma yana kasuwarmu: nono da kindirmo, ƙananan kifin gulbi da ake ci har ƙaya, kuka, zogale, riɗi. Tafiya a ƙasa kowace rana na taimaka wa ƙashi da zuciya da barci. Ɗan da ke aika wa mahaifiyarsa lemon kwalba katan-katan, gara ya kai ta a auna mata hawan jini da suga, don haɗarin ciwon zuciya na ƙaruwa ga mace bayan jini ya ɗauke.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mun gaji tarihin da ya san darajar waɗannan shekaru. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa tsarin 'Yan Taru don kai ilimi ga matan karkara, dattijan mata ta ɗora a kan aikin. Ita ke naɗa jaji, ta ba ta malfa, jaji ta jagoranci ayarin tsofaffi da ƙananan 'yan mata su zo su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure da hidimar gida ta tsare. Matar da ta gama haihuwa ita ce mai 'yancin tafiya, mai bakin faɗa a ji, kuma a kafaɗarta ilimin mata ya yaɗu a ƙasashen Sakkwato da Gwandu. Irin wannan mace ce yau muke bari ta kwana tana juyi ita kaɗai, tana zaton hauka ke kama ta.

Hanyar da Asma'u ta bi ba ta toshe ba. Makarantun matan aure na cike a Birnin Kebbi da Argungu, ƙungiyoyi irin su FOMWAN na da rassa, Rediyon Kebbi da Equity FM na shiga har ɗakin da ma'aikacin lafiya bai taɓa takawa ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji Hausawa, to a horar da malamar Islamiyya da ungozoma su zauna tare su yi wa mata bayani sau ɗaya a wata. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha kuma ta ware wa matan da suka haura 40 yini guda a mako a ƙananan asibitoci, ma'aikaciya mace ta zauna da su, ta auna jini da suga, ta duba nono da bakin mahaifa, ta tambaye su barci da al'ada da zaman ɗaki. Limamai su ɗauki ɓangaren maza a huɗubar Juma'a, tunda a yawancin gidajenmu izinin fita da kuɗin mota a hannun miji suke.