Wasiƙa ga Kanikawa da Masu Walda na Gaya da Ajingi Kan Zaɓen Salansa

 

Wani yayi ne ya sa na rubuto muku. Saurayi ya samu tsohuwar Golf ko Starlet, ko ya gaji Beetle ɗin mahaifinsa, farkon abin da zai yi shi ne ya kawo muku ita, ya ce a cire salansa a sa masa mai ruri don mota ta ƙara gudu. Sai a yanko bututu mai faɗin inci 3 a liƙa, ya taka totur, unguwa ta ɗauka, ya biya ya tafi yana murna. Ba ni zan koya muku ƙarfe ba. Tarihin Kano ma ya ce Abagayawa, maƙera daga nan Gaya, su ne suka je dutsen Dala neman tama. Roƙona ɗaya ne: ku daina barin kunnen mai mota ya yi muku zaɓi. Injin da hanyar da motar za ta bi, su ke da ta cewa.

Hayaƙi bugu-bugu yake fita, kowace silinda na tofar da nata a lokacinta. Idan bututu ya yi wa injin daidai, bugun da ya wuce da sauri yakan bar ja a bayansa, jan nan ya zuƙo ragowar hayaƙin silindar da ke biye, sabon fetur da iska su sami wurin shiga. Idan faɗi ya yi yawa, hayaƙin sai ya yi sanyin tafiya, jan ya mutu. Ƙaramin injin mai lita 1.3 zuwa 1.8 da ba a yi masa wani ƙari ba, inci 1.5 zuwa 2 ya ishe shi. Asarar kuwa a ƙasa take bayyana, lokacin da injin ke juyawa a hankali, kuma nan ne motocinmu suke rayuwa. Wanda ya ɗauko buhunan gero da gyaɗa daga ƙauyukan Ajingi, ya ratsa rairayi da burji kafin ya hau kwalta, ƙarfin tashi yake bukata. In kun kashe masa shi, zai yini a giya ta biyu yana ƙona mai, ga yadda fetur ya koma tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023.

Beetle ce ta fi ba ni tausayi a hannun mai gaggawa. Motar nan da kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗawa a Ojo ta Legas a 1975 ba ta da lagireto. Iska da baƙin mai ne ke sanyaya ta. Da zarar kun buɗe mata salansa, numfashinta ya ƙaru, iska ta fi fetur yawa, injin ya ɗau zafi. A watan Afrilu, da zafin garinmu ke haura digiri 40, bawul ɗin fitar hayaƙi ne zai fara ƙonewa, galibi na silinda ta 3, wadda ta fi sauran shan zafi a tsofaffin injunan. Saboda haka wanda ya canza salansa bai gama aiki ba sai ya koma kan kafireto ya duba jet. A zaga da motar, a kwance fulogi a kalli bakinsa. Fari fat, injin na jin yunwar mai. Baƙi ƙirin mai kunkunniya, man ya yi yawa. Abin da ake nema ruwan ƙasa-ƙasa ne. A kuma saita bawul injin yana sanyi, tazarar milimita 0.15. Sannan akwai siraran bututai biyu da ke ɗaukar ɗumin hayaƙi zuwa ƙarƙashin kafireto. Da yawa sukan toshe su don sabuwar salansar ba ta da mahaɗarsu, daga baya mai mota ya dawo yana kukan tana shaƙewa da asubar hunturu. Kada kuma yaro ya jefar da faifan gwangwani da robar da ke raba injin da salansa yana ganin tarkace ne. In babu su, fankar da ke sanyaya injin zafin salansa za ta riƙa zuƙa tana hura wa silinda.

Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, da ire-irenta 'yan Kwatano, nasu lamarin daban ne, don yawancinsu da indomi, wato matatar hayaƙi, suke zuwa, da sensa a gabansa. Wanda ya yanke bututu ya yar da sensa, ya bar kwamfutar motar tana lalube cikin duhu, ita kuwa sai ta riƙa kwarara mai. Nan kuma dole in faɗi magana mai ɗaci. Kowa ya san indomi na da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, kuma akwai masu fasa shi su kwashe ba da sanin mai mota ba. Wannan cin amana ne, kuma yana ɓata sunan ɗimbin kanikawa masu tsoron Allah. In ya toshe da gaske, a kira mai motar ya gani da idonsa, a damƙa masa abinsa a hannu.

Kan kaya ba sai na ja ba. Salansar asali ta hannu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta fi sabuwa mai ƙyalli da yatsa ke iya lotsawa. Ku guji bututun ruwan famfo: nauyinsa na tsaga manifol, hayaƙin da rufinsa ke fitarwa a wajen walda kuma yana cutar da ƙirjinku. A rataye salansa da roba, kada a ɗaure da waya ko a liƙe da rodi, don injin na motsi. A kuma ɗaga ta sama, hanyoyinmu ba sa raga wa abin da ya yi ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne rai. A cikin hayaƙin mota akwai guba marar launi, marar wari, da ke sa ciwon kai, jiri da gyangyaɗi, ta kai ga kisa. Ku tuna yadda ake lodi ranar Juma'a zuwa kasuwar Wudil: but a buɗe, kaya a ɗaure, wani lokaci har da yara a zaune a baya. Mota mai tafiya da but a buɗe takan janyo hayaƙinta ciki. In bakin salansa ya tsaya a ƙarƙashin mota, ko walda ta bar huda ƙarƙashin kujera, fasinja da direba ne ke shaƙa. Don Allah ku tabbata bakin ya fito waje da jikin motar. Kafin ku miƙa makulli, a tada injin a fili, yaro ya ɗan toshe bakin da tsumma, ku bi layin bututun da kunne. Duk inda ya yi huci, a sake walda. Daga nan oga da kansa ya shiga, a ɗora mata nauyi, a gwada ta a burji a ji yadda take tashi.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare hannuwanku. Wassalam.