Lafiyar Iyali: Tashi Daga Gado Ba Laifi Ba Ne

Wata 'yar'uwa daga Gyallesu, Zariya, shekara tara ba haihuwa, an haɗa ƙwanta da na mijinta a asibiti, aka mayar mata, cikin bai zauna ba. Tana tambaya ko tashinta daga gado ne sanadi.

A'a, 'yar'uwa. Tun haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978 aka yi ta koyon cewa hannun likita yana da nasa rabo. Akan shigar da ɗan tayin da siririn bututu mai laushi, ana duban ciki da na'ura, a ajiye shi sannu, kada bututun ya zunguri ƙuryar mahaifa ko ya jawo jini. Doguwar kwanciya ba ta ƙara kome.

Maigida, ka raka ta, ku tambayi likita tare. Kada dangi su ɗora mata laifi.