Kada A Yanke Wa Gona Hukunci Da Ganye Ɗaya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, fuskar shuka ganyenta ne. Manomin da ya iya duban ganye ya kan gane abin da ke damun gonarsa tun kafin hatsi ya fid da kai. Amma duban ganye yana da ƙa'ida. Wanda ya yi shi da garaje, sai ya kashe kuɗinsa wajen maganin ciwon da babu shi a gonar.

In aka tsinko ganyen auduga ko na kuɓewa aka ninke shi bisa jijiyar tsakiya, za a ga gefen dama da na hagu sun kusa zama ɗaya. Dalili kuwa, iri ɗaya ya haife su, saiwa ɗaya ke shayar da su, tare kuma suka fara girma tun ganyen yana naɗe cikin toho. Shuka mai lafiya tana da ikon daidaita gefen nan biyu. Saboda haka masana suka ce, in wahala ta yi mata yawa sa'ad da ganye ke ƙulluwa, watau kamar fari, ko gishirin ƙasa, ko hayaƙi mai guba, ikon nan zai raunana, gefe ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa faɗi. In haka ne, ashe da ɗan ma'auni kaɗai sai a auna wahalar gona.

Da fari zancen ya yi kamar zai tabbata. A 1996 wani masani, Mikhail Kozlov na Jami'ar Turku a ƙasar Finlan, shi da abokan aikinsa, suka ba da labarin awon da suka yi wa ganyen wani itace mai farin ɓawo na ƙasashen sanyi. Sun tarar karkatar ganye ta fi yawa kusa da wuraren narka ƙarfe, irin na garin Monchegorsk a arewacin Rasha. Amma da aka yi ta maimaita gwaji a kan itatuwa da tsire-tsire iri iri, sai amsa ta riƙa saɓawa. Wani wuri shuka ta sha wuya ganye bai karkace ba. Wani wuri kuwa da aka zuba taki, itace ya yi saurin girma, sai karkatar ta ƙaru.

A 2015 Kozlov ɗin nan da Elena Zvereva suka bayyana wani gwaji mai ban mamaki. Sun aika wa masana hotunan ganyaye iri ɗaya su auna. Waɗanda aka gaya wa cewa daga wuri mai ƙazamin hayaƙi ganyayen suka fito, su suka fi samun karkata a awonsu. Bambancin gefe da gefe ɗan kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa milimita ɗaya ko biyu, sai ido ya ga abin da zuciya ta riga ta yarda da shi. In masu ilmi da ma'auni a hannu sun zame a nan, ina ga mai tsaye a gona da rana tsaka?

Saboda haka karkatar ganye shaida ce mai rauni, bai kamata manomi ya dogara gare ta ba. Waɗansu ganyayen ma haka halittarsu ta ke. A dubi wake: cikin 'yan ganye uku na kowane reshe, biyun gefe kullum a karkace su ke, lafiyarsu ƙalau kuwa.

Akwai shaidun da suka fi wannan ƙarfi, su ya kamata a koya. Dawa da masara su kan naɗe ganye da zafin rana don tattalin ruwa, wannan ba kome. Amma in gari ya waye ganyen yana nan a naɗe, fari ya kama gonar ke nan. In tsofaffin ganyayen masara na ƙasa suka yi rawaya daga tsini suka bi jijiyar tsakiya, yunwar taki ce irin wadda yuriya ke magani. In gefen ganyen ne ya ƙone kamar an kara masa wuta, tsakiya na kore, takin kamfa ya fi dacewa. Ganyen rogo da ya yamutse ya yi dabbare-dabbare cuta ce, farin ƙuda ke yaɗa ta, tana kuma bin karan da aka dasa, taki ba ya warkar da ita. Gyaɗar da ta tsugune ganyenta ya cure, kuturta ce, darɓa ke kawo ta. Ita ce a 1975 ta lalatar da gyaɗa wajen hekta 700,000 a Nijeriya ta Arewa. Sabon ganyen auduga ko tumatir da ya tsuke ya murɗe bayan feshi kuwa, a tuhumi maganin ciyawa irin 2,4-D, ko iska ta kwaso shi daga maƙwabta, ko ya saura cikin abin feshi.

Wanda zai duba gonarsa, sai ya fita da sassafe, ya ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya dubi shuka ashirin ko talatin, ganye tsara ɗaya, ya gwada na wurin da ya raunana da na wurin da ya yi kyau. Ya lura ko alamar a tsohon ganye ta fara ko a sabo. In abin ya shige masa duhu, ya tumɓuke shuka guda har da saiwarta ya kai wa malamin gona, tun bai sa hannu a aljihu ba.