RA'AYINMU: Darasin Funtuwa, Ko Kuɗi Kaɗai Na Korar Talauci?

Duk sa'ad da ɗalibai suka taru a zauren muhawara, ko a gindin bishiya bayan lacca, aka ɗauko zancen talaucin ƙauyukanmu, maganar takan tsaya a wuri guda: a kawo kuɗi. Wasu su ce gwamnati ta ƙara kasafi, wasu su ce a nemo rance daga ƙetare. Mu a wannan mujalla muna ganin kafin a yanke hukunci ya kamata a waiwayi mutanen da aka riga aka gwada wannan magani a kansu. Ba sai an yi nisa ba. Manomin Mabai a ƙasar Ƙanƙara, da 'yan'uwansa na Faskari da Sabuwa, sun isa shaida.

A shekarar 1975, lokacin da arzikin man fetur ke tashe, aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 29 domin na Funtuwa kaɗai, ban da abin da gwamnatocin tarayya da na jiha suka zuba. Shirin ya game gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Aka fasa hanyoyin karkara, aka gina cibiyoyin sayar da kayan noma, aka kawo takin zamani da rahusa, aka baza malaman gona cikin ƙauyuka.

Adalci ya wajabta mana mu faɗi alherin da aka samu. Masara, wadda a da ake shuka ta a bayan gida don gasawa da damina, ta zama babbar amfanin gona a kudancin Katsina, har kasuwar Dandume ta shahara da ita a faɗin ƙasa. Wannan riba ta dawwama ne domin kuɗin sun rikiɗa sun zama iri mai kyau da ilimi a kan manomi, abin da ba ya ƙarewa da ƙarewar kasafi.

Amma fa akwai ɗaya gefen. Shirin ya kasa manoma kashi-kashi, ya fifita waɗanda ya kira masu ci gaba da masu manyan gonaki. Su malamin gona ya fi ziyarta, su suka fi samun taki da bashi da tarakta. Su wane ne waɗannan? Galibi masu sarauta ne, da attajirai, da manyan ma'aikata. Mai 'yar gayauna, wanda hatsinsa ke ƙarewa tun kafin damina ta yi tsakiya, shi ne ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani daidai lokacin noman fari. Ko da an rage kuɗin taki, ina ya ga na saye? Da Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya hau gwamnan Jihar Kaduna a 1979, gwamnatinsa ta soke haraji da jangali, ta kuma ja da Bankin Duniya kan sharuɗɗan faɗaɗa shirin zuwa jihar baki ɗaya. Ko mutum ya yarda da siyasarsa ko bai yarda ba, tambayar da ta taso a lokacin tana nan da ranta: wa ke riƙe da kuɗin, kuma wa aka shawarta?

Bayan Funtuwa ba a daina zuba kuɗi ba. An yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, an yi juyin noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe shirin ba manoma rance. Daga 2018 aka shiga raba wa matalauta naira 5,000 a wata daga cikin dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Duk da haka, a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Abin lura shi ne ma'aunin da hukumar ta yi amfani da shi: ta duba abinci, da makaranta, da asibiti, da ruwan sha, da tsaro.

A kan tsaron nan ne darasin ya fi ɗaci. Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka kuma hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A shekarun nan manoma sun biya ɓarayin daji kuɗi kafin su yi shuka, sun sake biya kafin su yi girbi, iyalai sun sayar da gona da shanu don fansar 'yan'uwansu. To, a irin wannan hali, in ka miƙa wa talaka kuɗi, wa ka arzuta? Ka zuba ruwa ne a rariya.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Kuɗi dole ne. Rijiya da aji da ɗakin shan magani ba sa ginuwa da fatar baki, kuma uwar marayun da ta karɓi naira 5,000 ta san amfaninsu fiye da mai sukar abin daga ofis. Abin da muke cewa shi ne kuɗi kamar taki suke: sai an sami gonar da aka share, da ruwan sama, da hannun da zai yi noma, sannan su yi amfani. Gonar nan ita ce zaman lafiya, da alƙalin da zai raba manomi da makiyayi bisa gaskiya, da makarantar da malami ke zuwa, da ikon talaka ya tambayi inda aka kai rabonsa ba tare da tsoro ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wannan magana tamu ce. Kuɗin raya karkara ba sa tashi sama daga Abuja su sauka a Mabai. Ta hannun akawu suke bi, da malamin gona, da jami'in da ke rubuta sunayen masu cin gajiya. Gobe mu ne a kan waɗannan kujeru, wasunmu ma sun riga sun hau. Ranar da aka ajiye mana takardar rabon taki, sunan wa za mu fara rubutawa, na mai 'yar gayauna ko na wanda ya aiko da ɗan saƙo? Talakawan da guminsu ya ilimantar da mu suna jiran amsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.